Bututun bayan turbo: mai indomi, fanko, ko a bar na kamfani?

Tun da motoci masu turbo, wato fankar da hayaƙi ke juyawa don ta cusa wa inji ƙarin iska, suka fara yawa a hannun matasanmu, irin su Golf GTI, BMW 335i da 328i, Mercedes C300 ta 2015 zuwa sama, Lexus NX200t da Honda Accord ta 2018, akwai shawarar da ba ta ƙarewa a bakin gareji, daga Apo ta Abuja har Ƙofar Ruwa ta Kano. Wani zai dafa kafaɗarka ya ce, "Oga, motar nan a shaƙe take, canja mata bututun bayan turbo ka ga yadda za ta tashi." Maganar tana da ƙamshin gaskiya, amma rabinta aka faɗa maka. Bututun nan ba shi kaɗai yake aiki ba. Akwai sensa biyu da ke shinshinar hayaƙin da ke bi ta cikinsa, akwai kuma ƙwaƙwalwar mota, wadda kanikawa ke kira birenbos, da ke yanke hukunci a kan abin da sensan suka gaya mata. In ka taɓa ɗaya, ka taɓa ukun, don haka zaɓin ma tare ake yin sa.

Abin da ake magana a kai shi ne guntun bututun farko da ke ɗaure a bakin turbo, inda hayaƙi ke fita bayan ya gama juya fankar, ya gangara ƙasa ya haɗu da sauran salansa. In za ka neme shi a shagunan intanet, da sunan downpipe za ka same shi. A yawancin motocin fetur masu turbo, a cikin wannan bututun ne aka cusa matatar hayaƙi, wato katalis, wadda a Najeriya kowa ya fi sani da indomi saboda cikinta ya yi kama da busasshiyar taliyar leda. Saƙar zuma ce ta tangaran, an shafe ramukanta da ƙarafa masu tsada, filatinom da faladiyom da rodiyom, waɗanda ke ƙone gubar hayaƙi kafin ta fita. Tsadar waɗannan ƙarafan ce ta sa ake satar indomi, ita ce kuma ta sa wasu kanikawa ke gaggawar ce maka taka ta mutu.

Dalilin da ya sa canja bututun ke tasiri a mota mai turbo fiye da marar turbo ba shi da wuyar fahimta. Fankar turbo tana juyawa ne saboda bambancin matsi tsakanin gabanta da bayanta. Hayaƙi na turo ta daga inji, in bayan ya cushe sai turin ya ragu, kamar ruwan da ke son wucewa ta kwalbati amma ƙasan ya cika da yashi. In ka buɗe bayan, fankar tana saurin ɗaukar gudu, ƙarfin yana zuwa tun injin bai yi ihu ba, zafin da ke taruwa a bakin turbo ma yana raguwa. Wannan gaskiya ne. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne, ƙwaƙwalwar motar zamani tana da adadin ƙarfin da aka rubuta mata ta nema, kuma da ta kai shi za ta tsaya. Ka sa bututu mai faɗin rijiya, in ba a sake mata rubutu ba, abin da za ka samu shi ne ƙara, da ɗan saurin amsa totur, sai kuma wutar cek a gaban sitiyari.

Na kamfani, in da lafiyarsa

Na fara da wannan ne don shi ne zaɓin da ba wanda ke tallata shi, tunda ba wanda zai ci riba in ka bar motarka yadda take. Indomin kamfani tana da ramuka kamar 400 zuwa 600 a kowane murabba'in inci, wasu ma sun fi haka. Ramukan ƙanana ne, suna tare iska, amma suna tace hayaƙi sosai, kuma injiniyoyin da suka ƙera motar da su suka auna komai: girman turbo, lokacin buɗewar ƙofar rage matsi, wadda ke barin wani hayaƙin ya kewaye fanka in matsi ya isa, da abin da sensan da ke bayan indomi zai gani. In motarka ta zuwa ofis ce da kai yara makaranta, kuma ba ka da niyyar taɓa ƙwaƙwalwarta, babu bututun kasuwa da zai ba ka abin da ya kai kuɗinsa.

Matsalar ita ce "in da lafiyarsa". Motocin da ke shigowa ta Kwatano ko tashar Legas da yawansu sun ci kilomita masu yawa, wasu an riga an kwashe musu indomi tun kafin su iso hannun dillali, an cusa wayar wanke tukunya a ramin don kada a ji bututun yana amsa amo. Wasu kuma tangaran ɗin ya narke ya toshe, saboda an daɗe ana tafiya da fulogi ko koyil da ya mutu, ɗanyen fetur yana gangarawa yana ci da wuta a cikin matatar. Alamar toshewa ba ta ɓuya: mota na tashi lafiya, amma in ka taka a kan babbar hanya sai ta yi nauyi kamar ana riƙe ta, wani lokaci kwamfuta ta nuna lambar P0299, wato turbo ba ya kawo matsin da ake nema. Mai irin wannan motar ba shi da zaɓin bari. Ko dai ya nemi tokumbon bututun kamfani, wanda shi ma caca ce sai an haska cikinsa da tocila an ga saƙar ba ta farfashe ba, ko ya koma ɗaya daga cikin biyun da ke tafe.

Fanko

Fanko shi ne bututu zalla, babu komai a ciki. Ya fi araha, ya fi sauƙin ƙerawa, har mai waldan unguwa zai ce zai haɗa maka shi kafin la'asar. Shi ne ya fi barin iska ta wuce, ba gardama, kuma shi ya sa motocin filin tsere ke amfani da shi. Sai dai mota a filin tsere ba ta tsayawa a cunkoson Nyanya da gilashi a rufe da iyali a baya.

Abu na farko da za ka fara lura da shi wari ne. Ba irin warin da ake sabawa da shi ba ne: ɗanyen fetur ne mai yaji, yana kama tufafi, yana shigowa ta esi in an tsaya, wanda ke bin ka a baya kuma shi zai sha mafi yawa. Abin da ya fi warin haɗari shi ne wanda ba ya wari, iskar nan mai guba da ta sa ake hana kwana da janareta a cikin ɗaki. Ƙone ta na cikin manyan ayyukan indomi. Wanda ke ɗumama mota da safe a rufaffen gareji, ko direban da ke kwanciya a ciki da inji a kunne yana jiran oga, ya kamata ya san cewa mota marar indomi ta koma janareta mai taya huɗu.

Na biyu, hayaƙin da a da ba ka gani zai bayyana. Turbo da ya fara tsufa yana ɗan yoyon baƙin mai ta ɓangaren hayaƙi, indomi tana ƙone shi a ɓoye. Da ka cire ta sai ka ga shuɗin hayaƙi duk sanda ka tashi daga danja, ka ɗauka sabon bututun ne ya kashe turbo, alhali asiri ne ya tonu.

Na uku ya fi shafar aljihu. A wasu motocin, ƙofar rage matsi da ke cikin turbo ƙarama ce, an auna ta ne da tsammanin akwai indomi a baya tana tare hanya. In hanya ta buɗe gaba ɗaya, hayaƙi ya fi son bi ta fanka a kan ya bi ta ƙofar, sai matsin ya yi ta hawa ya wuce inda ƙwaƙwalwa ta ce ya tsaya. Mota mai hankali za ta jefa lambar P0234 ta yanke ƙarfi, ka ji ta yi sanyi a tsakiyar wuce tirela. Wadda ba ta kama abin da wuri ba, fistin ne zai biya. Wajen neman gira ke nan.

Sai batun doka, wanda ya danganta da inda motar take. A Amurka dokar tsaftar iska ta tarayya ta haramta cire katalis daga motar da ke hawa titi, kuma matsin hukuma ya sa a 2022 kamfanin COBB, ɗaya daga cikin manyan masu sayar da na'urar sake rubutun ƙwaƙwalwa, ya cire damar kashe lambobin da suka shafi hayaƙi. A Ingila mota marar katalis ba ta wuce gwajin shekara na MOT, kuma tun 2018 wutar cek a kunne kaɗai ta isa ta kayar da ita. A Jamus sai bututun da ke da takardar amincewa, shi ya sa na kamfani irin HJS ke da tsada. 'Yan uwanmu da ke zaune a can kada su bi shawarar garejin gida. A Najeriya ma hukumar NESREA tana da ƙa'idar hayaƙin ababen hawa tun 2011, rashin tsananta ta a kan titi bai sa ta daina zama ƙa'ida ba.

Mai indomin tsere

Tsakanin biyun akwai bututu mai faɗi da aka sa wa ƙaramar matata mai manyan ramuka, galibi 200 ko 300 a murabba'in inci, saƙar kuma ta siririn ƙarfe ce maimakon tangaran. Iska tana wucewa kusan kamar fanko, bambancin ƙarfin da ke tsakaninsu a motar da ba a canja mata turbo ba ƙanƙane ne, ba abin da za ka ji a kujera ba. Wari yana raguwa ƙwarai, ƙarar tana da kauri ba tare da kwarmaton gwangwani ba, kuma saƙar ƙarfe ta fi jure girgizar ramukan hanyoyinmu fiye da tangaran.

A nan ne ake yaudarar mutane da lamba. Ramuka 200 suna gaya maka yawan iskar da za ta wuce ne kawai, ba sa gaya maka yawan ƙarfe mai tsadar da aka shafa a ciki. Bututu biyu na iya zama duk 200, ɗaya ya yi shekaru bai kunna wutar cek ba, ɗayan kuma shafin da aka yi masa bai fi kwalliyar fuska ba, cikin 'yan makonni ya zama fanko mai tsada. In ka ga mai indomi ana sayar da shi kusan kuɗin fanko, ka san inda aka rage. Araha ba ta ado. Masu ramuka 100 kuwa, ka ɗauke su a matsayin fanko mai ɗan kunya.

Ko mai kyaun ma ba alkawari ba ne cewa wuta ba za ta kama ba. Sababbin motoci suna da tsauri wajen auna aikin matata, kuma abin da ya wuce a Golf ta 2008 ba lallai ya wuce a ta 2018 ba. Wannan ya kawo mu kan sensa, inda a ganina nan ne akasarin kuɗin mutane ke zubewa.

Sensa biyu, aiki biyu

Bosch ne ya fara kawo sensan iskar hayaƙi a 1976, aka fara sa shi a Volvo, kuma har yau aikinsa bai canja ba: auna yawan iskar oksijin da ta rage a hayaƙi don a san ko fetur ya yi yawa ko ya yi kaɗan. Ma'aunin da ake nema a tafiyar yau da kullum shi ne iska kashi 14.7 ga fetur kashi 1.

Na gaba, wanda ke kafin indomi, shi ne idon ƙwaƙwalwa. A motocin turbo na zamani mai faɗin awo ne, yana faɗin ainihin adadin cakuɗin, da shi ake auna fetur a kowane lokaci. A motocin Jamus galibi Bosch ne mai waya biyar, irin LSU 4.9, a Toyota da Lexus da Honda kuma galibi Denso ko NTK. Wannan sensan ba a wasa da shi. Ba a sa masa ɗan tsawo, wato ƙarfen da ke janye shi daga hayaƙi, ba a matsar da shi nesa da inda kamfani ya ajiye shi, ba a maye shi da na gama-gari mai waya huɗu don kawai zaren noti ya shiga. Zaren kusan duk ɗaya ne, M18 mai taku 1.5, sifana lamba 22 ke kwance su, shi ya sa mai shago zai rantse maka "duk ɗaya ne". A mota mai turbo, sensan gaba da ke ƙarya yana iya sa fetur ya yi kaɗan a daidai lokacin da matsi ya hau, kuma ba abin da ke narka fistin kamar wannan.

Na baya, wanda ke bayan indomi, mai gadi ne. Yawanci waya huɗu gare shi, yana ba da wuta tsakanin bolt 0.1 da 0.9. In matata na aiki, layinsa a kwamfuta yana kwanciya shiru wajen 0.6 zuwa 0.8. In babu matata, ko ta gaji, sai ya riƙa hawa da sauka yana bin duk motsin cakuɗin. Da ƙwaƙwalwa ta ga haka sai ta rubuta P0420, ko P0430 in injin mai ɓangare biyu ne kuma a na biyun abin ya faru. Wannan lambar ba ta nufin sensa ya mutu. Na sha ganin an sayi sabon sensa har sau biyu a kan P0420, alhali bawan Allah gaskiya yake faɗa.

Hanyoyin rufe bakin mai gadin uku ne, kuma ba daidai suke ba.

Akwai ɗan tsawo, guntun ƙarfe mai zare da ake ɗaurawa tsakanin bututu da sensa don a janye hancinsa daga tsakiyar hayaƙi. Wani miƙaƙƙe ne, wani mai lanƙwasa, wani har da 'yar ƙaramar indomi a cikinsa. Yana da araha, kuma a tsofaffin motoci yakan yi aiki. A sababbi kuwa sau da yawa an gudu ne ba a tsira ba: P0420 ta tafi, P0139 ta zo, wato sensa ya yi nawar amsawa, ko P2096, don yawancin motocin yanzu suna amfani da sensan baya wajen ɗan gyara awon fetur, ba gadi kaɗai yake yi ba. In dai za a sa shi, a kan mai indomi mai kyau ya fi dacewa, inda tazarar da ake son rufewa kaɗan ce.

Akwai sake rubutun ƙwaƙwalwa don ta daina sauraron ƙarar mai gadin, abin da ake kira mataki na biyu, wato Stage 2 a takardun masu sayarwa. Wannan ce hanyar da ke sa bututun ya biya kuɗinsa, don ana ɗaga matsin turbo, a daidaita fetur da lokacin tartsatsin fulogi su dace da sabuwar hanyar iska. Amma ga inda namu ya bambanta da na Turai. Yawancin waɗannan rubuce-rubucen an yi su ne don fetur mai lamba 95 ko 98, ko 91 da 93 a awon Amurka, lambar da ke nuna yadda yake jure matsi, inda direba ke zaɓar famfon da yake so. Gidajen manmu fetur iri ɗaya suke sayarwa, ba ka da zaɓi, balle ranar da layi ya tilasta maka sayen galan a hannun 'yan bumburutu. Ba a manta da fetur mai yawan metanol da ya shigo ƙasar a farkon 2022 ba. Ƙara da zafin Afrilu a Sakkwato ko Maiduguri, inda iskar da turbo ke zuƙa ta riga ta haura digiri 40. Rubutun da aka yi don sanyin Jamus da man Jamus, in ka ɗora shi a nan, injin zai yi ta ƙwanƙwasa, ƙwaƙwalwa kuma tana ja da baya, ƙarfin da ka biya ba za ka gan shi ba. In za ka yi, nemi mafi sassaucin da suke da shi, wanda aka rubuta don fetur mafi ƙarancin lamba, kuma ka tabbata mai yin aikin zai hau motar da kwamfuta ya duba ko tana janye tartsatsi. Kada ka manta kulocin motar hannu ko giyar otomatik su ma za su ɗauki ƙarin nauyin.

Ta ukun ita ce wadda riwaya ke yi da rana tsaka: a cire ƙwan wutar cek, ko a liƙe ta da baƙin salatif. Ba zan ɓata lokaci a kanta ba. Ranar da babbar matsala ta zo, ba mai gaya maka.

Ƙarfe, girma, da dacewa

Bututun kirki da ƙarfe marar tsatsa ake yi, lamba 304 ko 409. Na 304 ya fi jure tsatsa, ya fi tsada. Na 409 yana yin ja-ja a sama amma yana daɗewa, shi ne ma kamfanonin mota da yawa ke amfani da shi. Mayen ƙarfe zai taimake ka a shago: yana manne wa 409 da baƙin ƙarfe sosai, a 304 kuwa da ƙyar yake kamawa. A busasshiyar arewa 409 ya wadatar, mai zama Legas ko Fatakwal ya ƙara kuɗi ya sayi 304. Baƙin ƙarfen da mai walda zai lanƙwasa maka, a wurin da zafi ke iya kaiwa digiri 900, ba zai ga damina uku ba.

Faɗin inci 3 shi ne gama-gari a injin lita 2, kuma ya isa. Abin da ya fi faɗin muhimmanci shi ne kaurin bakin da ke haɗuwa da turbo, da kuma gaɓar nan mai saƙa da ke lanƙwasawa in inji ya motsa. In bututun kamfani yana da ita, na kasuwa ma dole ya zo da ita, in ba haka ba duk girgizar inji a wuyan turbo za ta ƙare. Ka kuma duba yadda ƙasan bututun ya sauko, don wanda ya fi na kamfani zurfi da inci ɗaya zai gaisa da kowane tudun rage gudu a unguwarku.

Wajen oda ne ake yawan kuka. Motocinmu sitiyarinsu a hagu yake, bututun da aka ƙera don motar Ingila mai sitiyari a dama yana iya cin karo da sandar sitiyari. Na Golf GTI ba ya shiga Golf R, don ita R tana da sandar da ke kai ƙarfi tayoyin baya. BMW mai injin N55 bakin turbonta iri biyu ne, inci 3.5 a na farko-farko, inci 4 a waɗanda ƙofar rage matsinsu ta lantarki ce, sai ka leƙa ka gani kafin ka biya. Mai N54 kuwa turbo biyu gare shi, bututu biyu, sensa huɗu. Motocin Turai daga wajajen 2018 da yawansu suna da ƙarin matatar toka, da nata sensan matsi da na zafi, bututun da bai zo da ramukansu ba zai bar ka da wayoyi suna lilo.

Ranar ɗaurawa

A bar mota ta huce sarai, a jiƙa notocin bakin turbo da man kwance tsatsa tun daren jiya. Notin da ya karye a jikin turbo yana mayar da aikin awa uku ya zama na kwana uku. A cire soket ɗin sensa tukuna kafin a juya shi, don juya shi da waya a haɗe yana murɗe wayoyin ciki. A mota mai sensa huɗu a ɗaura wa kowace waya alama. Na taɓa ganin 335i da aka musanya wa soket ɗin ɓangarorin biyu a wani gareji: ƙwaƙwalwa tana ƙara fetur a silinda ukun da ba su nema ba tana rage wa waɗanda ke nema, mota na rawa kamar mai zazzaɓi, aka kusa sauke inji kafin wani yaro ya lura da wayoyin. A Golf ta bakwai da sauƙi, sensan gaba a jikin turbo yake, na baya kaɗai za a mayar kan sabon bututu.

Ramin sensa ya kasance a saman bututu ko a gefe, hancinsa ya karkata ƙasa, aƙalla digiri 10, don ruwan da ke taruwa a salansa da safe kada ya kwanta a kansa ya fasa tangaran ɗin ciki in ya yi zafi. Man hana kamewa a zare kaɗai ake shafa shi, kaɗan, kada ya taɓa hanci. A ɗaure shi wajen Nm 40 zuwa 50, ba a hau sifana da ƙafa ba. Gam ɗin silikon da kanikawanmu ke son shafawa a kowane gasket guba ne ga sensa, a sayi sabon gasket na ƙarfe da sabon maɗauri. In wayar sensan baya ta gaza, a sayi igiyar ƙari mai soket a kai da kai. Yankewa a haɗa da dalma yana ɓata awon, a wasu sensan ma ta cikin wayar suke shaƙar iskar da suke gwada hayaƙi da ita. A mayar da garkuwar zafi duk da wahalar notocinta, a ɗaure wayoyi nesa da bututu. Naɗe bututu da ƙyallen zafi yana rage zafin ɗakin inji, amma in baƙin mai na ɗiga a kansa ya zama lagwani.

Kafin a sauke motar daga jak a tayar da ita, a bi gaɓoɓin da kunne da bayan hannu daga nesa. Ƙaramin yoyo kusa da sensa yana zuƙo iskar waje, sensa ya ce fetur ya yi kaɗan, ƙwaƙwalwa ta yi ta ƙarawa, kai kuma ka yi ta zagin gidan mai. Bayan tafiyar kwana biyu ko uku a sake bin notocin, a sa kwamfuta a duba gyaran fetur na dogon zango, wato ƙari ko ragin da ƙwaƙwalwa ta saba yi wa fetur, in ya wuce kashi 10 sama ko ƙasa akwai abin da bai zauna ba.

In ka tambaye ni wanne zan sa a motata ta hawa kullum: indomin kamfani in tana da rai, ba zan taɓa ta ba. In ta mutu, ko na ƙudura sake rubutun ƙwaƙwalwa, mai ramuka 200 na kamfanin da ya san aikinsa, da sensa na asali mai lambar da ta dace da motar, da rubutu mai sassauci. Fanko sai motar da ba ta ɗaukar kowa sai ni, ba ta kuma shiga gari. Tsohon bututun kuma a bayan but zai bi ni gida, ko da bakanike ya ce zai rage min kuɗin aiki in na bar masa. Ranar sayar da motar, mai saye na farko da zai zo da kwamfuta shi zai fara tambaya.